Ɗakin da Ba Ya Amsa Sallama

A Jekadafari na kama shago,
tsohon shagon tela, siminti tsirara.
In ka yi tari ɗaya, ya maido maka da biyu.
Na yi sallama,
kusurwa huɗu suka amsa, kowace da nata jinkirin.

Da fari kwalin ƙwai na bi ina tarawa
wajen masu shayin Tashar Dukku,
ɗari da arba'in, na manne su da gam.
Na tafa hannu.
Bango ya tafa mini, har da 'yar dariya.
Kuɗin gam ya tafi,
kyankyasai suka samu gidan bene.

Sai ga Ishaya ɗan Kaltungo,
awo a wuya, fensir a bayan kunne.
Ya tsaya tsakiyar ɗaki ya ƙyasta yatsa,
ya karkata kai kamar mai zaɓen kankana.
Ya ce: "Malam, sauti ruwa ne.
Siminti fa ne, soso rairayi.
Amma rairayin da bai yi kauri ba,
yayyafi kaɗai yake iya sha."

Ya haɗa katako, ya cusa soso mai kaurin tafin hannu,
ya lulluɓe da yadi ruwan toka,
shida a gefe, biyu a sama.
Ya bar 'yar rata tsakaninsu da bango,
wai a nan ragowar amo ke gajiya.
Kusurwa kuwa ya cika ta dam,
ya ce nan manyan muryoyi ke taruwa su yi gulma.

Na tafa.
Tafin ya faɗi a gabana
kamar tsakuwa cikin buhun gero.

Ya shanye fito, ya shanye shewa,
ya shanye ƙarar cokali a bakin kofi.
Amma injin niƙan Buba Manga ya ƙi shayuwa,
haka tirelar siminti in ta taso daga Ashaka,
ta ƙasa gurnaninta ke shigowa,
ta tafin ƙafa, har haƙori.
Na yi ƙorafi. Ishaya ya ɗaga kafaɗa:
"Ɗakin na ce zan hana surutu,
ban ce zan hana gari ba."

Duk wannan wahala don Goggo Dudu na yi ta.
Sunayen rijiyoyin da suka ƙafe suna bakinta,
da burtalin da ya zama titi,
da kakanni tara a jere, ba ta tuntuɓe.
Na so in kama muryarta tas, ba ƙura.

Ranar Talata na ɗauko ta a keke.
Ta cire takalmi, ta yi sallama.
Shiru.
Ta sake yi.
Ta dube ni: "Wa ya rasu a nan?"

Ta zauna, na kunna na'ura,
ta fara, ta kai rijiya ta uku, ta tsaya.
"Ɗan nan, ɗakinka kurma ne.
Tun da mai gidan ya kwanta dama,
bango kaɗai ke amsa mini in na yi magana.
Kai kuma ka je ka toshe masa baki."

Ban ce komai ba.
Na nemo sukundireba,
na sauke allo biyu, na jingine su a waje.
Siminti ya leƙo, kunya-kunya.
Ta yi gyaran murya, ya yi.
Ta ce: "Yawwa."
Har la'asar ba ta nemi ruwa ba.

Da Ishaya ya saurara, sai ya yatsine fuska,
wai kowace kalma tana jan ɗan wutsiya,
ya kawo kusa zai mayar da allunan.
Na ce ya bari tukuna.

Suna nan a jingine bayan ƙofa.
Kyanwar maƙwabta ta mai da ɗaya gado.