Mai Ƙwace Agogo

Asubar Iten, sanyi na cizon kunne,
hazo ya cika kwarin Kerio har baki,
mu goma sha bakwai muna tsalle a kan jar ƙasa,
sai ga Kiptarus da jakarsa ta buhun masara.
"Kowa ya zubo agogonsa a nan."
Muka zuba kamar masu ba da jingina.

Ni sauri na zo koya.
Akuya biyu na sayar na hau mota daga Kapsowar,
ga shi wanda aka ce gwani ne yana tambayata:
"Jelagat, da wace ƙafa kika fara taka ƙasa yau?"
Ban sani ba.
"Yaushe numfashinki ya fara yi miki ƙarya?"
Na ce numfashi ba ya magana.
Ya yi dariya har sai da ya dafa gwiwa.

Gwiwar nan tana da labari.
A Rotterdam, kilomita na talatin da biyar,
shi ne a gaba, taro na karya sunansa,
ta yi masa raɗa sau uku: tsaya.
Ya ce yi shiru, akwai kwanon rufin ɗakin tsohuwa.
Da ta gaji da raɗa sai ta kwarma ihu.
Da sanda ya sauka daga jirgi.

Shekara biyu da shanu kaɗai yake hira.
Sannan ya sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare,
ya zauna a rumfar shayin ƙanwarsa
yana rubuta abin da gwiwa ta faɗa masa.
Ɗari biyar aka buga a Eldoret.
Gara ta cinye rabi a ƙarƙashin gado,
sauran suka bi jakunkunan baƙi zuwa ƙetare,
har aka fara gayyatarsa manyan zauruka.
Yakan ari kwat ya je ya dawo,
ya ce, "Sun tafa. Ban tabbata sun ji ba."

Ranar tawa ta zo a Valencia.
Kilomita talatin, ina ta huɗu,
wani abu ya riƙe ni a ƙugu, na koma gefen titi.
Dillalina ya yi ta zage-zage a waya.
Kiptarus kuwa tambaya ɗaya ya yi:
"Ciwo ne ko tsoro?"
Na ce ciwo.
Ya ce to, ya ci gaba da ɓare dafaffiyar masara.
Kwana tara ina kwana da wannan "to" ɗin.
Na goma na same shi a bakin shinge,
na ce, "Tsoro ne. Na ga zan iya ci, sai na firgita."
Ya ce, "Yau kika fara gudu."

Sai dai wanzami ba ya son jarfa.
Ɗansa Kibiwott ya jefar da takalman gudu,
ya tafi Nairobi gyaran babura,
shekara shida uban bai ambaci sunansa ba.
Wata yamma, ruwa na dukan kwano,
na tara ƙarfin hali na mayar masa da kayansa:
"Malam, yaushe shirunka ya fara yi maka ƙarya?"
Ya dube ni har shayi ya huce.
Ya kwance agogonsa ya jefa a jakar,
ya ce in ara masa wayata,
tasa babu kuɗi, in ji shi.
Na fita na tsaya a cikin ruwan.

Yanzu jakar tana hannuna.
Ta yage a gindi, na ɗinke da igiyar takalmi.
Jiya wata yarinya ta ƙi sakin agogonta,
ta ce ita sauri ta zo koya.
Na dubi ƙafafunta, biyu, sababbi ful,
na tambaye ta da wacce ta fara.