Tsakanin Tasha da Tasha

Babana, Malam Tanimu na Ƙofar Wambai,
mai gyaran rediyo ne.
Rumfa taku uku, ƙaurin dalma,
batira matattu cike da gwangwanin madara.
In ya murɗa, allura ta bar Kano
ba ta kai Kaduna ba,
sai wani shuuu, kamar ana zuba gero a masaki.
Na ce, Baba, wa ke magana a nan?
Ya ce, Tasalla, ba kowa. Miƙo min filaya.

Shekara talatin da ɗaya ina bin sawun ba-kowan nan.

Na bi shi har wata hamada mai sanyi
inda sai agogo ke gaya min lokacin salla,
inda faya-fayan ƙarfe, kowanne ya fi tsakar gidanmu,
suka baza kunne sama, ba sa gyangyaɗi.
Can na ƙirga galaksi, garken taurari:
wani ya naɗe kamar alkaki,
wani curi guda kamar fura,
wasu biyu sun kaure, sun yi wa juna kaca-kaca,
faɗan da ya girmi duwatsu.

Amma kweza ce ta riƙe ni.
Inna ta ce, wace irin gwaza ce ke fita a sama?
Na ce, Inna, rami ne baƙi a cibiyar garke,
bai taɓa cewa na ƙoshi ba.
Abin da ya zo bakinsa zai faɗa
shi ke ƙuna, shi ke haske,
hasken da ya dushe garken gaba ɗaya.
Ta ajiye muciya ta ce,
ai na san irinsu a Kantin Kwari.

Ba su da suna, sai lamba kamar motar haya.
Ɗaya na bi shekara huɗu,
na rubuta takarda, aka tafa min a zauren taro.
Ashe tauraro ne na maƙwabta
ya kutso gaban hoto
kamar yaro a wurin ɗaurin aure.
Na janye takardar da hannuna.
Na wanke fuska, na koma kan kujera.

Daren da Sagiru ya bugo waya
na'ura tana tsakiyar tara haske,
awa tara take so, ta ci biyar.
Ya ce, Yaya, sai haƙuri, Baba ya cika.
Ban kashe ta ba.
Na yi salati, na zauna, na jira sauran huɗun.
Har yau ban san ko daidai na yi ba.

Da asuba ta fito a allo,
ɗigo guda, bai kai ƙwayar riɗi ba,
ja, kamar lalle ya kwana a tafi,
don doguwar tafiya ta miƙar da hasken.
Tun ba a yi Dala ba ya taso,
tun ba a yi ƙasar da Dala zai zauna ba.
Duk nisan nan ya riske ni,
ni kuwa ban riski jana'iza ba.

Yanzu ina Koki, kan soro.
An ɗauke wuta, janareto sun ɗau tari,
hayaƙi ya ci rabin sama.
Kaza na nan, amma 'ya'yanta huɗu nake iya gani.
Gobe ɗalibai saba'in za su tambaye ni
ko wannan karatun yana kawo aiki.
Zan ce musu ban sani ba,
kalmar da na fi gwanancewa a kanta.

Rediyonsa na cinyata, an ɗaure ta da kyauro.
Na bar Kano, ban kai Kaduna ba.
Baba, mafi yawansa ba kowa ne, ka yi gaskiya:
wayoyi, walƙiya, ɗumin ƙarfen kansa.
Amma akwai ɗan kaɗan, tsakure,
da ba daga nan yake ba.
Ga filayar.