Jinjirin Wata a Bakin Fiffike

Ƙanƙara ta saki tafkin Kitka a ƙarshen Mayu.
Ni da kakata Tuovi muka kutsa, ruwa iya ƙwauri.
Ta ce, "Ɗaga dutsen can." Na ɗaga.
Wani guntun ƙirare ya yi ƙafafu, ya kama gabansa.

"Ba ƙirare ba ne, Aapo, gida ne.
Mai gidan tsutsa ce, laushi kamar tantani.
Da yawunta take kaɗa zare,
ta liƙa tsinken ganye, ɓawon icce, ƙwayar yashi.
Kifi na kwaɗayinta, shi ya sa ba ta fita tsirara."

Na ce, "Yaya sunanta?"
Ta yi dariya. "Ana raɗa wa ɗa suna yana ciki?
Bari ta toshe ƙofarta, ta yi kwanakinta a duhu,
ta yage rufin, ta iyo sama,
ta tuɓe tsohuwar riga a jikin ciyawa."

Duk lokacin da rana ta ƙi faɗuwa ba mu gan shi ba.
Yana can maƙale a inuwar daji, bai ce wa kowa komai ba.

Sai Satumba, da dare ya dawo ƙasarmu,
ya zo ya faɗa kan fitilar ɗakin gumi.
Ruwan ƙasa, siriri, fiffike a jingine kamar jinka,
gashin kai biyu sun kusa kai tsawon jikinsa.

Tuovi ta kai madubin hannu kusa da ido, ta janye.
"Hazo nake gani. Karɓi, ka zama idona.
Fiffiken nan, gari ne ko gashi?"
"Gashi."
"To ba malam-buɗe-littafi ba ne. Ƙirga ƙayoyin ƙafa."
"Ɗaya. Uku. Huɗu."
"Dangi ka samo, kuma gidansu da yawa. Duba can gefe."

Na duba. A bakin fiffike, fari-fari,
jinjirin wata kwance, an zagaye shi da duhu.

Ta miƙo min fensir da littafinta mai warin hayaƙi.
Na rubuta Limnephilus lunatus, tana faɗa min baƙi-baƙi.
"Sa alamar tambaya. Fiffike kan yi ƙarya.
Tabbas yana wutsiya, sai an kashe shi a gani."

Na dubi kwalbar. Ta dubi wajen da take zaton nake.
Na buɗe murfi.

Alamar tana nan a shafi na sittin da biyu.
Ni ne mai littafin yanzu, ban goge ta ba.