Dashen Gashi a Shishli

Ni ce Gulizar, mai hantsaki.
Kullum ina tsallako ruwa a jirgin fito na ƙarfe bakwai,
daga Uskudar zuwa hawa na huɗu a Shishli,
inda mazan Istanbul ke kwanciya rubda ciki
su ba ni ajiyar ƙeyarsu.

Babana shayi ya noma a tsaunukan Rize.
Yakan ce, dashe ba ya son gaggawa,
kar ki kama tsiro ta wuya,
kar ki bar saiwa ta sha iska.
Gonar dai 'yan'uwa suka raba,
ni kuwa ga ni ina dashe
a filin da bai wuce tafi biyu ba.

Daga ƙeya muke cirowa, inda fari ba ya zuwa,
mu jera a ruwan gishiri mai sanyi,
mai sili ɗaya daban, mai biyu daban,
mu kai su inda sanƙo ya yi sansani.

Wasu da hoton ɗan ƙwallo suke zuwa.
Haldun, mai yankan tikiti a mashaya jirgi,
hoton kansa ya kawo, yana ɗan ashirin,
suma ta kwanto har gira, tsaga ta hagu.
Ya ce, wannan nake so.
Ba don mace ba, ba don madubi ba.

Sai da allura ta kashe masa fata
bakinsa ya buɗe.
Uwarsa, Ferhunde, tsufa ya wawushe mata kai.
In ya shiga da burodi sai ta ɓoye jaka,
ta ce, wane ne wannan mai sanƙon?
Ku kira mini Haldun.
Shekara biyu ke nan yana baƙo
a ɗakin da aka yanke masa cibiya.

An ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi.
Dashe ma haka.
Layin goshi ba ya son miƙewa kamar igiya,
sai an ɗan karkace shi, an yi masa kuskure da gangan,
don haka Allah ke yin nasa.
Na jingina hoton da kwalbar magani,
ina kallo ina sakawa,
dubu uku da ɗari huɗu da sha biyu,
har wuyana ya sage, shayina ya huce sau uku.

Na ce masa, nan da mako kaɗan duk zai zube,
kar ka tsorata, saiwar tana ciki.
Wata huɗu ka ga tsiro, shekara ka ga suma.
Ya ƙirga a yatsu.
Shekara, in ji shi.
Ita kuwa tamanin da huɗu.
Ya sauka da bandeji fari a kai, bai waiwayo ba.

Wata goma sha ɗaya sai ga shi
da kwalin baklawa, da tsaga ta hagu.
Ni kaina sai da na duba fayil.

Ta gane ka?

Ya ce, ina shiga ta gyara ɗankwali,
ta sunkuyar da kai kamar amarya,
ta ce, Nevzat, ka daɗe.
Nevzat babana ne. Shekara sha tara da binne shi.
Ta bar jakar a fili, ta ba ni kujera,
ta ce, ina yaron?

Me ka ce?

Na ce yana makaranta, yanzu zai dawo.

Ya tura mini kwalin, ya ce a raba wa kowa.
Na ɗauki ɗaya, zumar ta liƙe mini a yatsu.
A ɗaki na biyu wani ya riga ya kwanta,
an aske masa ƙeya tas.
Na wanke hannu.