Gawon Iyaka

Daren Laraba hadari ya haɗo daga gabas,
baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.
Iska ta riga ruwa isowa Sandamu,
ta yaye kwanon shagon mai faci
ta kai shi bayan makaranta ta ajiye
kamar wadda aka aika.

Da asuba, buta na hannuna,
Mati ɗan ƙanena ya shigo yana haki:
"Baba, gawo ya faɗi."
Ban tambaye shi wane gawo ba.

Na tarar da shi kwance, ya gitta burtali,
kansa cikin gonar Malam Nadabo,
saiwarsa sama, tana ɗigar jar ƙasa cikin tawa.
Bedi uku sun bi shi, da reshen tsamiya,
amma su ba wanda ya yi musu jaje.

Gatarinmu biyu.
Muka yi ta sara har hantsi ya dubi ludayi,
itace na mayar mana da gatari kamar bashi,
hannu ya yi bororo.
Ga ƙasa ta jiƙu, ga iri a buhu,
shuka kuwa ba ta san zaman makoki ba.

Sai na aika Daura a kirawo Kallamu
da tsohuwar taraktarsa ja
wadda fitila ɗaya ta rage wa,
mai tari uku kafin ta tashi, kamar ladaninmu.
Ya ce kuɗin gas sai a hannu.
Na kwance ɗan akuya.

Bayan azahar ya iso.
Bai gaisa da kowa ba sai da ya zagaya itacen
yana ƙwanƙwasa shi da sifana
kamar mai zaɓen kankana.
Ya ce, "A fara da rassa. Babba ba a jansa da rigarsa."
Injin zarto ya yi kuka,
gari ya zuba fari a kan kunya.
Ya zarga sarƙa, ya hau, ya tofa yawu.
Taya ta haƙa, ta yi feshin taɓo,
hayaƙi ya murtuke,
gawo ya yi nishi, ya matsa taku ɗaya,
ya sake tsayawa.
Haka mahaifina yake in an ce ya je asibiti.

Nadabo na tsaye, hannu a baya.
Ya ce, "To, yanzu ina iyaka?"
Shekara hamsin ba takarda tsakaninmu,
ubana da ubansa a nan suka tafa,
inuwa ta zama shaida.
Yau shaida ce ake ja da sarƙa.
Na ji maganar da ba ta da kyau ta taso mini,
na danne ta da goro.

Ja na huɗu kututture ya saki.
Rami ya buɗe, tsayin yaro,
warin danyar ƙasa ya bugo,
gwano suka watse da ƙwansu.
Mati ne ya hango shi a gindin saiwa:
rabin dutsen niƙa, an kafa shi tsaye.
Hannu ne ya kafa shi, ba ruwa ba.

Nadabo ya durƙusa ya share shi da hularsa.
Ya daɗe.
Ya ce, "Na kakata ne. Ga inda ya fashe."
Daga nan bai ƙara ba, ni ma haka.
Kallamu ya danna ham, yana da wani aikin a Zango.

Muka raba itace kashi uku,
har da mai tarakta.
Mata suka kwashe ƙirare kafin magariba.

Washegari na fito shuka.
Sawun taya ya cika da ruwa, layi biyu,
kurciyoyi na kewaya wurin da babu komai.
Na sauke gorar ruwa daga kafaɗa,
na miƙa hannu in rataye ta.