Ƙwaro Mai Ƙafa Takwas

A Titin Ritchie, cikin birnin Chennai,
shagona bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba,
matakala goma sha tara daga ƙasa,
bisa kan mai sayar da wayoyin caji.
Nan Kayalvizhi ta hauro, laimarta na ɗiga,
ta rungumo kwamfuta kamar mai kai jinjiri asibiti.

Ta ce, "Sabunta kanta take yi, ta hana ni kashewa.
Ta kai sittin da biyu cikin ɗari
guguwa ta ɗauke wuta, batirin kuwa ya daɗe da gajiya.
Shekara uku ina ƙirga ƙwan kunkurun teku
da tocila, a yashin Neelankarai, kafin asuba.
Duk suna ciki."

Na danna. Fanka ta juya sau ɗaya, ta fasa.
Fuska baƙa ƙirin.

Na ce, ƙwanki na nan, ba abin da ya taɓa rumbun.
Abin da ya ɓaci bai taka kara ya karya ba,
'yan kalmomin da na'ura ke faɗa wa kanta in ta farka ne,
kafin ta san tana da fuska,
kafin ta tuna inda ta ajiye komai.
An katse ta tsakiyar magana, sai ta sarƙe.

Kusa goma sha ɗaya na kwance, na zuba a murfin kwalba.
Ga koren allo, gari guda da titunan tagulla,
ga shi can a lungu, kusa da ƙaramin batiri,
baƙin ƙwaro mai ƙafa takwas,
bai kai ƙwayar wake ba.

Maigidana Anbazhagan, da ya rasa ganinsa a wannan kujera,
abu ɗaya ya bar mini ban da madubin ido:
karanta sau biyu kafin ka rubuta sau ɗaya.
Na maƙala matsi, na karanta. Na sake.
Karatun biyu suka ƙaryata juna.
To, sai iska mai zafi.
Dalma ta yi ƙyalli, ta saki,
na ɗago shi da hantsaki, ina riƙe da numfashi,
don atishawa ɗaya ta isa ta kai shi Bengal.

Yanzu ya faɗi gaskiya.
Layi bisa layi na lambobi, cunkus kamar kasuwar kifi,
sai kwatsam fili,
fayau,
inda wuta ta ɗauke.

Na ajiye ɓataccen karatun tukuna. Ba a yar da shi,
sunanta na yanka yana ciki.
Na leƙa wurin Fakhruddin, shago na huɗu,
yana da irin allon, wanda shayi ya kashe bara.
Na aro karatun mamaci,
na goge lambarsa, na ɗinka tata a gurbin,
kada ta farka tana amsa sunan wani.

Rubutawa, minti biyu. Tabbatarwa, minti ɗaya.
Ƙafa takwas suka koma kan sawunsu,
ɗigon kusurwa na duban inda ya saba duba.

Na danna.
Fanka ta juya, ta tsaya. Ta juya, ta tsaya.
Kayalvizhi ta daina shan shayinta.
A nan ne sabon shiga ke zare waya, ya ɓata rawarsa da tsalle.
Na zauna a kan hannuwana.
Daƙiƙa arba'in ta fi damina tsawo.

Sai haske.

Ba ta ce mini komai ba. Ta buɗe, ta gangara da yatsa:
rami na saba'in da uku, ƙwai ɗari da goma sha huɗu.
Sannan ta yi dariya, ta nuna mini agogon kusurwa,
na'urar na rantsuwa yau ɗaya ga Janairu ce, shekara shida baya.

Na ce, bar ta. Wanda ya dawo daga nesa
ba a fara tambayarsa kwanan wata.
Na laluba murfin kwalba. Kusa goma.
Ɗaya ta shige ƙarƙashin benci, wajen 'yan'uwanta.