Takardar da Ta Hau Kogi

Ni ne Tiburcio, tuƙin jirgi sana'ata.
Sau ɗaya a shekara, in ruwa ya kawo iya wuya,
nakan ɗauki Fada Honorio daga Tefe,
kwana huɗu muna yankan Solimoes,
shi da akwatin gurasa, ni da jarkar mai.

Ƙauye sittin, Fada ɗaya.
Ku yi lissafin da kanku.

Sauran kwanakin shekara,
Santa Luzia a hannun Dona Zuleide take.
Ita ke buga ƙararrawa,
tsohon ƙarfen inji da ke reto a reshen mangwaro.
Ita ta yi wa 'ya'yana uku baftisma da ƙoƙo,
ita ta rufe idon mahaifina,
tana karatu da tabarau mai ƙafa ɗaya.
Ran Lahadi in ta buɗe Littafi
masunta kan manta koma a ruwa.
Gurasa kaɗai ba ta ɗagawa.
Nan take ja ta tsaya,
ita ta haƙa rijiya, guga na wani ne.

Bana Fada bai yi hira a hanya ba.
Hannunsa na kan aljihun ƙirji.
Dare na biyu na ce, Fada, ciwo ne?
Ya ce, takarda ce, da hatimin Bishop.
An kai ƙara, wai mace na wa'azi a bagade.
An ce ta sauko ta koma benci.

Na ce, to wa zai hau?
Inji ne ya ba ni amsa.

Can ya nisa, ya ce,
ranar naɗi na sa hannuna cikin nasa,
na yi alkawarin biyayya, kuma ba wasa nake ba.
Mutumin nan ba mugu ba ne.
Tsoro yake kada gini ya tsage
in kowa ya zare tubalin da ya tsone masa ido.

Na nuna masa hayi da baki:
majami'ar da ya keɓe da hannunsa,
yau garin rogo ake tarawa a ciki.
Mutanen sun bi fasto mai lasifika,
ba don ya fi iya addu'a ba,
don shi yana kwana inda suke kwana.

Mun isa. An yi Misa.
Masu yunwar shekara guda suka miƙo tafi.
Sannan ya warware takarda,
ya karanta duka, bai tsallake wasali ba,
murya na rawa kamar fitila a bakin taga.

Edivaldo, ɗan ƙanwarta, ya miƙe zai yi magana.
Ta ce, zauna.
Ta cire tabarau, ta aje Littafi a bagade,
ta taka har benci na ƙarshe.
Ban taɓa sanin ɗakin nan na da tsawo haka ba.

Da dare na ji su a gindin mangwaro.
Fada na cewa, bagade aka rubuta,
ba a ce komai kan inuwar bishiya ba.
Ta ce, Honorio, na tsufa da shiga ta taga.
Gidan ubana ne.
Ko a buɗe mini ƙofa,
ko a zo nan a dubi idona a rufe ta.

Da asuba ta kawo tata takardar,
yatsu ɗari biyu da sha ɗaya an dangwala,
wasu da tawada, wasu da baƙin tukunya.
Mutum bakwai sun ƙi, ta rubuta hakan ma.

Muka juyo, ruwa na tura mu.
Hannun Fada ya koma kan aljihu.
Lahadi ce. Mun sha kwana ta biyu
sai na kashe inji ba tare da an sa ni ba.

Mun daɗe muna saurare.
Sai ƙarfe ya yi ƙara, sau uku, nesa.
Bai tambaye ni hannun wa ba,
ni ma ban tambaye shi ba.